Shafin da Kawu Bai Ƙarasa Ba

Kagarawal, Gombe
4 ga Disamba

Ɗana Nehemiah,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya, kana kuma cin abinci. Ni dai da sauƙi. Ƙafar hagun nan ta rage kumburi, barci ne bai dawo ba tukuna. Matan Zumunta na coci suna zuwa bibbiyu kullum su zauna da ni, har sai na kore su na ce su je su dafa wa mazajensu.

Na kira wayarka ban san sau nawa ba, a kashe take. An ce zagin da mutane ke aiko maka ne ya sa ka rufe ta. Ban ga laifinka ba. Ni ma ko ka ɗauka kuka kawai zan yi maka, shi ya sa na koma takarda. Amobi mai tirela, wanda ke kai wake Fatakwal, ya ce yadda ya saba kawo maka saƙon Kawunka Gilbert haka zai riƙa kawo nawa. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san inda karatuna ya tsaya.

Ka zo jana'izar Kawunka, ka kwana biyu, ka koma. Ba ka leƙa ɗakinsa ba, ba ka haɗa ido da ni ba. Tun kana shekara shida aka kawo ka gidan nan bayan rasuwar mahaifiyarka, ni na yi maka wanka, ni na san shirunka. Wannan shirun bai yi mini ba.

Jiya na daure na kwashe kayansa. A aljihun rigar da ya sa ranar na sami littafin nan mai baƙin bango. Ka san shi. Duk ƙwallon da aka ci ka, sai ya zana raga, ya ɗiga inda ta shiga, ya ja layi daga inda aka bugo ta, ya yage shafin ya ba Amobi. Shi ma haka ya yi wa kansa duk shekarun da ya yi yana tsaron raga. Na ga shafin ƙarshe, na ranar Lahadin nan da ya dawo daga kallon wasanku a talabijin ya faɗi a bakin ƙofa. Ni ban san komai a ƙwallo ba, amma na ga wannan ne abu na ƙarshe da hannunsa ya taɓa, kuma kai ya yi wa. Na yage a hankali, ga shi nan a ciki. Ka ajiye shi.

Akwai soyayyar gyaɗa da yaji a baƙar leda. Ka raba da abokanka, amma ka ci.

Mamanka,
Lois

Fatakwal
13 ga Disamba

Mama,

Na gaishe ki. Ina lafiya. Gyaɗa ta iso, na gode. Ki riƙa ɗaga ƙafar nan a kan filo.

Na ga shafin. Na duba gaba, na duba baya, har na ɗaga shi a hasken taga. Zane ne kawai, babu magana a ƙasa.

Mama, ke ba ki san ma'anar wannan ba, ni na sani. Shekara tara Kawu yana aiko mini da shafukan nan, kuma kowanne akwai magana ɗaya a ƙasan zanen. "Ƙafar hagu ta makara." "Ka yi wa 'yan bayanka tsawa." Ko wadda babu mai iya tarewa sai ya sami abin faɗa. Sau ɗaya tak ya taɓa aiko mini da zane babu magana, lokacin ina kulob ɗin matasa a Jos, na tafi biki ana gobe wasa, aka ci ni huɗu. Da na tambaye shi ya ce wanda ya raina aikinsa ba shi da abin da zai faɗa masa.

Ƙwallon ranar Lahadin nan daga nesa aka bugo ta. Ta yi tsalle sau ɗaya a gabana, ta bi ta ƙarƙashina, saura minti uku a tashi. Ɗan firamare zai kama ta. Kawu ya gani, ya zana, ya rasa abin faɗa, ya je gida ya faɗi. Masu rubuto mini cewa ni na kashe shi ba ƙarya suka yi ba.

Tun ranar ban sa safar hannu ba. Koci ya ba ni zuwa ashirin ga Janairu, ranar da za su miƙa sunayen 'yan wasa na zagaye na biyu. Ko in dawo tirenin, wato atisaye, kafin nan, ko a cire sunana. Na riga na yanke shawara. Zan tattara kayana in dawo gida in kama gonar Kawu. Kada ki roƙe ni.

Ɗanki,
Nehemiah

Kagarawal, Gombe
29 ga Disamba

Ɗana Nehemiah,

Ina gaishe ka, da fatan ka ga Kirsimeti lafiya. Ni na je coci na dawo, ban dafa komai ba, maƙwabta ne suka yi ta aiko da shinkafa. Takardarka sai jiya ta iso. Motar Amobi ta lalace a Makurɗi, ya yi kwana goma a can. Ashe duk kwanakin nan kana zaune da wannan abin a zuciyarka, ni ina nan ina murna na aika maka abin tunawa.

Ni na yi wannan ɓarnar. Ban taɓa karanta shafukan nan ba, ban san akwai abin da ake rubutawa a ƙasa ba balle in ga babu shi. Ka yafe mini.

Amma ka saurara, akwai abin da ni ma na sani wanda kai ba ka sani ba, domin kai takardar kake karɓa, ni kuwa ni ke wanki. Kawunka ba ya zama ya yi rubutu a ranar wasa, zanen kawai yake yi. Daga shagon Bappayo, inda suke kallo, littafin a aljihu yake dawowa. Washegari da sassafe sai ya fita, ya ce mini motsa jiki zai je. Ya dawo wajen ƙarfe takwas, gefen rigarsa duk jar ƙasa, gwiwar hannunsa a kurje. Sannan ya zauna a kan turmi ya ciro littafin ya yi rubutu, kafin ko kunu ya sha. Shekara tara ina wanke rigunan nan ina masifa, ina cewa wane irin motsa jiki ne ake birgima a ƙasa kamar jaki. Sai yanzu na lura ba kullum yake dawowa haka ba, sai washegarin wasanka.

Nehemiah, wannan karon bai kai safiya ba.

Na san za ka ce zato nake yi don in kwantar maka da hankali. Gaskiya ne ba ni da shaida. Zan nemo. Ban roƙe ka ba, tunda ka ce kada in roƙa. Abu ɗaya na ce, kada ka hau mota sai ka sake ji daga gare ni.

In kuma laifi ake nema, ga nawa, ban faɗa wa kowa ba sai kai. Mako uku kafin ranar ya daina shan maganinsa na hawan jini, ya ce yana sa shi jiri. Ina ganin ƙwayoyin ba sa raguwa. Na yi magana sau ɗaya, ya yi dariya ya ce zuciyar gola ba ta tsoro, na ƙyale shi. Kwalin yana nan a kan taga. Ban iya zubarwa ba.

Mamanka,
Lois

Kagarawal, Gombe
11 ga Janairu

Ɗana Nehemiah,

Gaisuwa a cikin sunan Ubangiji. Lafiyata lau, in ban da ƙugu da ƙaurin dama, za ka ji dalili. Amobi ya ce a hannunka ya sa takardata, ka cusa ta a aljihu ba ka buɗe ba. To, wannan ma ka cusa in ka ga dama, amma ni zan rubuta.

Na je wurin Bappayo na tambaye shi da wa Kawunka ya fita ranar. Ya ce da Ɗantala mai faci, na unguwar Malam Inna. Za ka tuna shi, mai tumbin nan, wanda ya buga lamba tara lokacin da Kawunka ke raga. Na hau keke Napep na same shi a bakin titi yana fama da taya. Yana ganina ya ce, "A'a, Matar Gola! Ke ce da kanki? Tayar wace tirela ta fashe?" Na ce ba wasa ya kawo ni ba, ina mijina yake zuwa da sassafe.

Ya ajiye gudumarsa, ya daɗe yana goge hannu a tsumma. Sannan ya ce filin firamare da ke bayan unguwarmu suke zuwa. Kawunka ya tsaya a raga, shi kuma ya tsaya inda aka zana, ya yi ta bugo masa irin ƙwallon da aka ci ka, har sai Kawunka ya ji a jikinsa inda aka kuskure. Wai cewa yake ba zai gaya wa yaro abin da bai faɗi ƙasa a kansa ba.

Na ce, lokacin Jos fa? Ya ce, "Wannan kam fushi ya yi, bai kira ni ba." Na ce, na ranar Lahadin nan fa? Ya ce suna fitowa daga shagon Bappayo Kawunka ya kama hannunsa ya ce, "Gobe da sassafe ka zo da ƙwallo, akwai aiki." Wayar Ɗantala ba caji ranar, bai ji labari ba. Da gari ya waye ya zo gidanmu da ƙwallo a hammata, ya tarar an shimfiɗa tabarmi ana kuka. Kunya ta kama shi, ya tura ta bayan duro, ya zauna cikin masu gaisuwa. Yana faɗa mini yana share ido da tsumman nan mai baƙin mai.

Ƙwallon tana nan. Na gan ta tun tuni, na ɗauka ta maƙwabta ce.

Na ce masa aikin nan ba a yi shi ba, sai a yi. Ya ce wa zai tsaya a raga? Na ce ni. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Matar Gola, kafin ki sunkuya ai an tashi wasa, 'yan kallo sun kai gida." Na ce shi ma kafin tumbinsa ya bar shi ya ga ƙwallon rana ta take.

Yau Asabar muka je. Shafin yana wurinka, amma ka san Kawunka da danna biro, sawun zanen ya fito a shafin da ke biye. Da shi Ɗantala ya auna inda zai tsaya. Na ɗaure zani sama, na sa tsohon takalmin kambas ɗin Kawunka.

Nehemiah, ban san ragar nan haka take da faɗi ba. A talabijin kamar ƙofar ɗaki. Ya bugo ta farko, ta yi tsalle a gabana, kafin in ce Yesu ta wuce. Turaku ne kawai a filin, babu ragar da za ta tare, ta gangara har cikin gonar kuɓewar wani. Na tsaya ina kallon Ɗantala. Ya ce, "Me kike jira? Wanda aka ci shi ke ɗaukowa. Mijinki bai taɓa yarda na ɗauko masa ba, ko ran da gwiwarsa ta kumbura."

Na je na ɗauko. Sau goma sha huɗu ina zuwa ina ɗaukowa. A tafiya ta biyar na fara kuka, ban daina tafiyar ba. Ta goma sha biyar ta bugi ƙaurina ta tsaya. Ba ni na tare ta ba, ita ta same ni, amma Ɗantala ya ɗaga hannu yana ihu, "Gola! Gola!" har masu wucewa suka tsaya.

Ya ce da Kawunka ne, a ganinsa cewa zai yi ka sa gwiwa ɗaya a ƙasa, jiki a bayan ƙwallo. Wataƙila. Ni ba zan sa wa mamaci magana a baki ba. Amma Bappayo ya nuna mini wasan a wayarsa, kuma ga abin da idona ya gani. Da ta shiga, ka kwanta rub da ciki, wani ɗan bayanku ne ya shiga raga ya ɗauko. Don haka na zauna a kan turmin na rubuta tawa maganar a ƙasan sawun zanensa. Ga shafin nan. In rubutun bai fito sosai ba, abin da na ce shi ne: Ba ka ɗauko ta ba. Je ka ɗauko.

Saura kwana tara. Na ce wa Amobi in motarsa ta sake lalacewa ya ɗauki takardar nan a ka ya ƙarasa da ƙafa.

Mamanka,
Lois

Fatakwal
22 ga Janairu

Mama,

Na gaishe ki da kyau. Yaya ƙugu, yaya ƙauri?

Rana ɗaya na karanta takardunki biyu, ran sha takwas. Jakata a ɗaure take, har na sayi tikitin mota. Amobi ya ƙi tafiya, ya zauna a kan gadona ya ce an ce kada ya motsa sai ya ga na buɗe. Na buɗe. Da na gama karantawa na kwance jakata.

Washegari na je tirenin. Koci bai ce mini sannu ba, ya nuna mini bayan sauran masu tsaron raga biyu. Ni ne na uku yanzu, ni da nake na ɗaya. Hannuna ya yi laushi, ƙwallo tana yi mini zafi kamar ɗan koyo. Ta farko da ta shige ni, na ji ina so in kwanta. Sai na ga ki cikin kuɓewar mutane da kambas ɗin Kawu. Na yi dariya ni kaɗai a cikin raga, har yaran suka ɗauka na zare. Sunana yana cikin waɗanda aka miƙa.

Maganar magani. Mama, a watan Oktoba Kawu ya gaya mini a waya cewa zai daina sha. Ya yi mini wannan maganar ta zuciyar gola, ni ma dariya na yi. Ba ke kaɗai ba ce. Ki zubar da kwalin, ko ki bari in zo hutu mu zubar tare.

Ban buɗe waya ba tukuna, ki ci gaba da rubutowa. Na ba Amobi tsohuwar safar hannuna ya kawo miki. Ki ɗan jiƙa tafin da ruwa kafin ki sa, ya fi kamawa. Ki ce wa Baba Ɗantala in ya karya ki, ni da shi ne.

Ɗanki,
Nehemiah

Kagarawal, Gombe
17 ga Fabrairu

Ɗana Nehemiah,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu. Ina lafiya. Barci ya fara dawowa kaɗan-kaɗan. Kwalin yana nan yana jiranka. Gonar kuwa na ba Matiyu, ƙanin Kawunka, ya noma bana, don kada ka sake sa ta a ranka.

Jiya Bappayo ya aiko cewa golanku na ɗaya ya ji ciwo, na biyu zazzaɓi, kai za ka tsaya. Daga coci ban ko cire ɗankwalin Zumunta ba na wuce shagonsa. Ni kaɗai ce mace. Suka ba ni kujerar da Kawunka ke zama, mai ƙafa ɗaya ɗaure da waya. Wani matashi a baya ya ce, "Kai, wannan golan kuma? Yau mun shiga uku." Ɗantala ya juya ya ce masa, "Ga uwarsa nan, maimaita." Bai maimaita ba.

Na ga wadda ka ture da yatsu ta haye sama, shagon ya kaure da ihu. Na ga kuma wadda aka ci ka, daga bugun kwana, wani dogo ya sa mata kai. Ka faɗi, ka tashi, ka shiga raga da kanka ka ɗauko ta, ka wurga tsakiyar fili kana yi wa 'yan bayanka tsawa. An tashi ɗaya da ɗaya. Mutane suna ta maganar maki, ni ban ji su ba. Littafin yana kan cinyata, na zana yadda na iya.

Amobi ya so tashi da asuba, motarsa cike da wake. Ya ce in ba shi shafin haka nan. Na ce ko kusa, na yi wannan kuskuren sau ɗaya. Ya jira ko ya tafi hannu wofi. Ya bi mu fili yana mita, yana duba agogo. Ashe ƙwallon kwana sai da mutum uku, mai bugowa da mai sa kai da gola. Ɗantala ya dube shi ya ce, "Oga Amobi, tunda kana nan, kanka ya yi daidai." Sau tara ya sa mata kai, yana cewa shi direba ne ba ɗan ƙwallo ba. Na jiƙa safar kamar yadda ka ce. Ta yi mini yawa, amma na naushe guda biyu. Sauran bakwai na je na ɗauko.

Yanzu ƙarfe takwas da rabi. Ina kan turmi, ban sha kunu ba, gefen rigata duk jar ƙasa, kuma ni zan wanke. Amobi yana ta danna ham a bakin titi. Ga shafin, ka duba ƙasa, akwai rubutu. Layi na farko na Ɗantala ne, ya ce ka fito da wuri ka naushe ta kafin ta kai kan dogon. Na biyu nawa ne: Na ga ka ɗauko.

Mamanka,
Lois